Ɓawon Lemo a Trapani

Banɗakinmu ba shi da taga.
Wanda ya gina gidan nan a Trapani
ya ba teku tagogi uku,
ya bar banɗaki da ƙofa ɗaya da ƙwan fitila mai ƙyaftawa.

Tun da aka yi wa Baba Gaspare aiki a hanji
in ya shiga sai ya daɗe,
ya fito yana kallon silifas ɗinsa,
ya ja ƙofar a hankali kamar mai rufa wa wani asiri.
Mutumin da ya shekara arba'in yana feɗe kifi a bakin jirgi,
ƙarni bai taɓa sa shi kau da kai ba,
yau warin cikinsa ne ya sunkuyar da shi.

Na sayo na kanti, gwangwani mai hoton furanni.
Fesawa ɗaya, tari ya sarƙe shi har da hawaye,
warin kuwa bai je ko'ina ba,
riga kawai ya sake, ya dawo ya zauna.

Nunzia ta hawa na biyu ta tare ni a matakala,
kwandon wanki a ƙugu:
"Tindara, a ƙasar lemo kike sayen ƙamshi?
Kina bakin rijiya kina kukan ƙishi."

Yadda ta faɗa haka na yi.
Ɓawon lemon tsami shida, a kankare farin nan mai ɗaci,
a dunƙule a kwalba, ruwan khal ya sha kansa,
kanumfari goma, reshen na'a-na'a daga tukunyar baranda,
a toshe, a kai duhu, a manta da shi mako biyu.
Ni ban iya mantawa ba.
Kullum sai na je na girgiza shi
kamar mai tashin yaro ranar makaranta.

Da ya nuna, ya yi launin zuma.
Na tace da tsohon hankici, na raba shi da ruwa,
na ɗura a robar feshin da nake yayyafa wa kayan guga.
Uku a iska, ɗaya a masai kafin a zauna,
ƙaramin kofin garin soda a bayan bututu yana gadi.

Tsamin khal ke fara shigowa, ba sallama,
ya yi 'yan daƙiƙu ya fice da abin da ya tarar,
sai lemon ya biyo baya, a natse.

Ranar farko Baba ya fito, ya tsaya a bakin ƙofa,
hancinsa na motsi.
Bai ce uffan ba.
Sai da dare, cokali a hannu, bai ko dube ni ba:
"Kanumfarin ya yi yawa."

Wata guda rabona da jin ya kushe wani abu.
Na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska.

Da safe na tarar da shi a tebur da wuƙarsa ta kifi,
yana fere lemo, ɓawon na sauka zare ɗaya bai tsinke ba.
"Biyar uwarki ke sawa," in ji shi.
Na ce, ashe Mama tana yi?
Ya ɗago: "Shekara nawa ina shigowa da ƙarnin teku a jikina,
kin taɓa jin sa a gidan nan?"

Ban taɓa ji ba.
Na ɗauka haka gida yake wari, da kansa.

Yanzu kwalabe uku ne a kan kanta,
kowace da kwanan wata da rubutunsa mai karkata.
Ya daina jan ƙofar nan a hankali,
wani lokacin ma a buɗe yake barin ta, sai na yi magana.

Matsalar da ta rage ta lemon ce.
Ga su nan tsirara sun cika firij, ba mai riga ko ɗaya.
Mun sha da safe, mun matsa a kifi, mun sha da dare,
jiya na sauka da bakwai a kwano
na ƙwanƙwasa wa Nunzia.